Taswirar Baba Famfo

"Kada ki taɓa wannan," in ji Baba Famfo.

"Ban taɓa komai ba, Baba. Ga hannuna nan a kan cinyata."

"Idonki ya taɓa."

Sakatariya ta duba lokaci. Minti goma sha tara ke nan, da agogon wayarta, tun da ta danna makunnin kwamfutar, amma har yanzu allon bai gama wartsakewa ba. Akwatin yana ta gurnani a ƙarƙashin tebur kamar injin niƙan da aka zuba wa tsakuwa. Ƙananan hotunan fayiloli suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya yi jan ƙafa kamar wanda aka tasa daga barci, kuma sun fi ɗari uku, wasu a kan wasu.

Wannan ce Asabar ta uku da ta ɓata a ɗakin nan. Laifinta ɗaya: ita ce sakatariyar makarantar 'yan mata, kullum ana ganinta da jakar kwamfuta a kafaɗa, don haka duk layin suka yanke cewa babu abin da ba ta sani ba game da na'ura. Wankinta na jiƙe a baho tun safe, ga ta nan zaune a kujerar roba tana kallon allo da maƙwabcinta.

Shi kuwa yana kishingiɗe a kujerarsa mai hannu, ƙafafunsa biyu da suka kumbura suna kan matashi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba bututu a ofishin ruwa kafin ya yi ritaya, shi ya sa sunan Famfo ya bi shi. Zuciyarsa ta yi rauni tun bara, magana mai tsawo sai ya yanka ta gida biyu ya huta a tsakiya, amma bakin nan bai rage komai ba.

Da don shi kaɗai ne, da tuni ta ba shi haƙuri ta koma ga wankinta. Amma ranar Litinin katafila za ta shigo layin don haƙa magudanar ruwa. A layin baya da aka yi irin wannan aikin, haƙoran katafilar suka tsinke babban bututu, mutane suka yi wata huɗu suna jan jarka. Ofishin ruwa sun ce takardun tsohuwar unguwar sun ɓace tun da suka sauya gini. Foman ɗin 'yan kwangila kuma ya faɗa a gaban kowa: "Ku kawo mini takarda in ga inda bututunku ya bi. In babu, zanen da aka ba ni zan bi, abin da ya fashe ya fashe."

Taswira ɗaya tak ta rage a duniya, ita ce wadda Baba Famfo ya yi shekaru yana zanawa da hannunsa a wannan kwamfutar, a cikin wata tsohuwar manhaja da ba ta hawa sabbin injuna. Abin da ake nema shi ne a buɗe ta, a tura wa firinta. Shi ke nan. Amma duk sanda allon ya daidaita, ya ce mata ta juya fuskarta zai ɗauko taswirar daga maɓoyarta, kafin ya kai ko'ina sai kwamfutar ta sandare, kibiyar ta ƙi motsi, a kashe a sake sabon zama.

"Baba, ka bar ni in yi mata abu uku kawai," ta ce, tana lissafawa da yatsu. "Maganin bairos har kala uku ne a ciki, suna ta kokawa da juna. A bar ɗaya."

"Ɗaya babban ɗana ya sa, ɗaya surukina, ɗaya mai gyara. Wanne zan cire in ci mutuncin mai shi?"

"To abubuwan da ke tashi tare da ita in an kunna, sun fi ashirin. Har da na wata firinta da ka sayar tun ina amarya."

"Ba sayarwa na yi ba, aro na bayar. In aka dawo da ita fa?"

"Cikinta ya cika maƙil, Baba. Hoton bututu guda ɗaya na gani sau shida."

"Shida ɗin kowanne da ranarsa."

"To ba ni fayil ɗin a filas, in gwada a wani wuri."

"Wannan abin da kike cusawa a kowace kwamfuta? Ki kwaso mini cutar makaranta guda?" Ya tsaya ya ja numfashi. "Ku yaran yanzu sauri ne ke kashe ku. Sauri ya haifi nawa."

Shekararta arba'in da huɗu, amma ta bar shi da yaransa. Allon ya daidaita. Ta juya fuska ta kalli kalandar bara da ke bango. Ta ji ƙas, ta ji ƙas-ƙas, sai kuma tsaki.

"Ta sake sandarewa ko?"

"Ke ce kika yi mata magana a kai."

Sai ga Inna, matarsa, ta ɗaga labule da mayafi a kafaɗa, ta ce motar da za ta kai su asibiti ta iso, likita ya ce ƙarfe sha ɗaya. Aka yi ta fama kafin takalmi ya shiga ƙafarsa. Ya sa Sakatariya ta zare wayar wutar daga bango, ta lulluɓe allon da tsohon tawul ɗin da yake rufe shi da shi, ya ga ta fita tsakar gida, sannan ya yarda aka riƙe shi zuwa mota.

Inna ta dawo kamar ta manta wani abu. Ta damƙa mata makullin ɗakin a tafin hannu, ta rage murya.

"'Yata, ki yi abin da za ki yi kafin la'asar. In ya yi faɗa ki ce ni ce. Ni ba zan iya jan jarka da wannan bayan nawa ba."

Sakatariya ba ta jira an maimaita ba. Ta kwance murfin akwatin, ta tarar fankar ciki ta yi gashi kamar tsohuwar kyanwa, ta share ta da burushin haƙori. Ta soka ƙarin ƙwaƙwalwar da ta ciro daga wata matacciyar kwamfutar makaranta, wadda mako biyu ke nan tana yawo da ita a jaka. Ta kunna, ta je ta ɗauraye wankinta ta shanya, ta dawo ta tarar an tashi. Ta sallami magungunan bairos biyu, na suruki da na mai gyara. Ta hana abubuwa goma sha bakwai tashi da kansu. Duk abin da ta kashe sai ta ji wani daɗi a ranta, kamar mai cire ƙaya.

Fayilolinsa ba ta taɓa ko ɗaya ba, wannan kam ta kiyaye. Sai idonta ya kai kan kwandon shara a kusurwar allo, inda kwamfuta ke tara fayilolin da aka goge. Da ta duba nauyinsa sai ta riƙe baki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin kwamfutar shara ce da ba a taɓa zubarwa ba.

"Ashe kai ne ɓarawon," ta ce.

Kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta tabbata mana. Ta danna. Daga nan ta sa injin ya sake jera abin da ya rage a faifansa tsaf-tsaf, aikin da ya ci awa biyu, ita kuma ta je ta ɗora girki tana 'yar waƙarta.

Da la'asar suka dawo. Ya fi safe gajiya, leɓɓansa sun yi duhu, amma yana shiga ɗakin ya ga tawul ɗin ba a yadda ya bar shi ba.

"Wa ya shigo?"

"Ni na sa ta," in ji Inna. "Zauna tukuna."

Sakatariya ta danna makunni. Kafin ya gama gyara ƙafarsa a kan matashi, allon ya tashi tangararau, babu gurnani, babu jan ƙafa. Ya kalli allon, ya kalli agogon hannunsa, ya sake kallon allon.

"Hmm," ya ce. A bakin Baba Famfo wannan lambar yabo ce. "Juya fuskarki."

Ta juya tana murmushi. Ƙas. Ƙas-ƙas. Sai shiru. Murmushin ya bushe a fuskarta.

"Sakatariya."

"Na'am, Baba."

"Wa ya zubar da shara?"

"Ni ce. Ai ita ce ta cika..."

"Taswirar tana ciki."

Ta juyo a hankali. Kwandon yana buɗe a allo, fari fat.

"A cikin... kwandon shara?"

"Tun ranar da jikoki suka yi mini wasa da ita. In zan yi aiki in fito da ita, in na gama in mayar." Muryarsa ba ta tashi ba, numfashin ba zai bari ba, kuma hakan ya fi tsawa ciwo. "Shekara ashirin da biyu. Kowane makulli, kowace gwiwa, kowane gidan da aka ja wa reshe."

Tsoro da haushi suka haɗe mata. "Baba, don girman Allah, wa yake ajiye dukiyarsa a kwandon shara?"

"Wanda ya san ɓarawo ba ya tonon juji!" Tari ya sarƙe shi. Inna ta riƙe kafaɗarsa tana shafa masa baya, idonta a ƙasa.

Sakatariya ta fita tsakar gida, ta kira mai kula da kwamfutocin makarantarsu. Ya ce kada ta damu, abin da aka zubar ana iya tono shi, muddin ba a rubuta komai a kai ba. Ta gaya masa ta sake jera faifan.

"Bayan kin zubar?"

"Bayan na zubar."

"Kai, Anti. Kin binne, kin kuma zuba siminti."

Duk da haka ya zo da kayan aikinsa kafin magariba. Abin da ya iya tonowa hotuna ne rabi-rabi da wata wasiƙar neman ƙarin girma. Taswira kam ko ƙurarta. Garin neman gira an rasa ido. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta ce, "Baba, ka yafe ni." Bai juyo ba. Ya ce wa Inna ta rufe allon.

Washegari da sassafe Inna ta buga musu ƙofa.

"Wai ki fito. Ki zo da fenti da burushi. Maigidanki kuma ya karɓo keken marasa lafiya wurin mai kemis."

"Inna, jikin nasa fa?"

"Na faɗa, na sake faɗa. Ke kin taɓa ganin ranar da ya ji?"

Ragowar jan fentin da suka shafa wa ƙofarsu ta ɗauko. Suka same shi a zaune a bakin gado, ya sa tsohuwar rigar aikinsa mai aljihu huɗu, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa. A kan cinyarsa akwai wani dogon ƙarfe siriri mai kan katako kamar ƙaramin ƙoƙo.

"Ina kwana, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ba shi ya zubar da shara ba. Tura."

Maigidanta ya tura keken, Inna ta riƙe lema, ita kuma ta bi su da gwangwani. Suka fara daga bakin titi.

"Daga mangwaron nan, taku bakwai zuwa gabas."

"Baba, babu mangwaro a nan."

"An sare shi kafin ki zo layin. Kututturen yana ƙarƙashin dakalin mai wanki. Ƙirga. Ba takun zuwa biki ba, takun aiki!"

Ta ƙirga. Ya kafa bakin ƙarfen a ƙasa, ya ɗora kunne a kan katakon, ya lumshe ido. Ya matsar da shi kaɗan, ya sake saurare. "Nan." Ta durƙusa ta ja jan layi.

Haka suka yi ta tafiya. Mutane suka fito bakin ƙofofinsu, shi kuwa kowa sai ya ba shi rabonsa. Ya gaya wa tela cewa reshen gidansa na sata ne, kuma ya sani tun ranar da aka ja shi. Ya nuna inda aka binne makullin da ke tsayar da ruwan layin gaba ɗaya, daidai ƙarƙashin teburin mai gyaran waya, ya sa ta zana masa da'ira. A gaban gidan direba ya ce bututun ya yi gwiwa don kauce wa wata tsohuwar rijiya da ba wanda ya san da ita sai shi. Layinta bai taɓa yi masa daidai ba: ya yi kauri, ya yi siriri, fentin ya yi ruwa, wa ya koya mata riƙe burushi. Gwiwoyinta suka yi jawur, zufa na shiga mata ido. Sau biyu tana buɗe baki, sau biyu maigidanta yana girgiza mata kai.

Wajen ƙarfe goma sunkuyawar ta gagare shi. Ya gwada, numfashi ya ƙi. Ya miƙa mata ƙarfen ba tare da ya dube ta ba.

"Sa kunne. Kada ki danna, ɗora kawai. Me kika ji?"

"Babur."

"Ba da wannan kunnen ba. Toshe ɗayan."

Ta toshe. Da farko bugun jininta kawai take ji. Ta matsa taku ɗaya, ta sake matsawa. Sai ta ji shi, can ƙasa, siriri, kamar mutum yana hura shayi mai zafi a wani ɗaki.

"Na ji," ta ce, ta manta ma tana fushi. "Baba, wallahi na ji!"

"To sai a buga miki ganga? Zana."

Saura gida huɗu a kai ƙarshen layi kansa ya fara rinjaya gefe. Inna ta ce ya isa, kuma a wannan karon muryarta ba ta neman shawara. Bai yi musu ba, abin da ya fi komai tayar wa Sakatariya da hankali.

"Daga nan ya ɗan karkata hagu," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya. "Ki bi da kunne."

Aka juya da shi gida. Ta ƙarasa gida huɗun ita kaɗai, rana a tsakiyar kai, tana kafa ƙarfe tana saurare tana zanawa, wani wurin sai ta koma baya sau uku. Da ta gama ta kai masa sandarsa. Yana kwance an tara masa matasai, idonsa a rufe.

"Na gama, Baba."

"Kin karkace."

"Ko gani ba ka yi ba!"

"Na san hannunki." Ya ɗan ɗaga yatsa. "Jingine ta a bayan ƙofa. Kan katakon sama."

Ta jingine, ta fita tana ƙunƙuni. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Ranar Litinin da hantsi tana ofis tana buga jarrabawar 'yan aji uku, maigidanta ya kira. Ta saurara, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ajiye wayar a kan tebur. Ta daɗe tana kallon rabin tambayar da ta bari a allo kafin ta iya tashi ta nemi jakarta.

Sai da yamma, da mutane suka ɗan ragu, ta samu ta zauna kusa da Inna. Tsohuwar ta ce shayi ya nema, ta kawo, ya kurɓa ya ce ruwan bai tafasa ba. Ta koma ta sake ɗorawa. Kafin ta dawo ya tafi, kofin yana nan a kan kujera ko zubewa bai yi ba.

Abin da ke cin Sakatariya tun safe ya fito da kansa. "Inna, zafin ranar jiya ne. Da ban zubar da abin nan ba, da bai fita ba."

"Ke, rufe bakinki." Inna ta kama hannunta, wanda har yanzu jan fenti ke maƙale a gefen farcensa. "Ranar Asabar likita ya so ya ba shi gado. Ya ja ni gefe ya ce kwanaki ne, ba makonni ba. Shi kuma ya ce ba zai kwanta ba, akwai aiki Litinin. Jiya da muka dawo ya cinye abincinsa tas. Rabon da in ga haka wata biyu."

"Ya yafe mini?"

"Ina fa. Har da safen nan yana mita. Wai shekara ashirin da biyu, yarinya ta zo da yatsa ɗaya."

Dariya ta kufce wa Sakatariya, ta juye ta zama kuka, Inna ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta.

Foman ya ɗaga aikin zuwa Laraba. Da ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu yana bin jan layin da kallo.

"Hajiya, na ce takarda, kun kawo mini fenti."

"Mai takardar ne ya zana da bakinsa. Shekaranjiya aka binne shi," in ji Sakatariya.

Ya cire hularsa ta kwano ya sosa kai. "Allah ya jiƙansa." Ya juya ga direban katafila ya ce ya bar taku biyu tsakaninsa da ja, leburori su bi gefen da shebur.

Ta ɗauki hutun rabin yini ta tsaya a kansu. Daga bakin titi har gidan direba, duk inda shebur ya shiga sai ya tarar da bututun kwance a ƙarƙashin layin kamar da shi aka auna. Gwiwar tana inda ya ce, bakin tsohuwar rijiyar ma ya fito. Da aka iso gida huɗun ƙarshe ta ƙara matsowa kusa. Lebura ya haƙa daidai kan fentinta, babu komai. Ya faɗaɗa ramin. Shebur ya yi ƙarar taɓa ƙarfe.

"Ga shi nan," ya ce. "Ya ɗan kauce hagu da kamar tafin hannu."

"Tafin hannu," ta maimaita. Ta yi tsaki, ta goge ido da bakin mayafi.

Azahar ta yi, direba ya kashe katafila, layin ya yi tsit. Leburori suka watse neman inuwa, sai wani dattijo a cikinsu da bai fito daga ramin ba. Ya share ƙasar da ke kan bututun da tafin hannunsa, ya zauna ya jingina bayansa da shi saboda sanyinsa, ya kwance ƙullin burodinsa ya fara ci a hankali.